Malam Umaru Ɗan Sa'idu da Takardunsa a Amurka



Shekaru da yawa, in malaman jami'a a Amurka suka tashi nazarin marubutan farko na ƙasarsu, littattafan da aka buga da Turanci kaɗai suke dubawa. Abin da bai shiga injin ɗab'i ba, kamar ba a rubuta shi ba. Ko wanda ya shiga ɗin ma, in baƙar fata ne, sai an sha wuya. Lokacin da aka buga waƙoƙin wata baiwa, Phillis Wheatley, a Landan a 1773, sai da manyan garin Boston 18 suka sa hannu cewa lallai ita ta rubuta.

To, ga wani malami Bafulatani, Umaru ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro a ƙasar Senegal ta yau. Ya ce shekara 25 ya yi yana karatu. An kama shi a yaƙi, aka kai shi Charleston a 1807 aka sayar. Ya gudu daga wani mugun ubangida, aka kama shi aka kulle a Fayetteville. Can ya riƙa rubutu da Larabci a jikin bangon kurkuku, mutanen gari suna zuwa kallo, har wani mai suna James Owen ya saye shi.

A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, shafi 15 kacal. Abin da ya fi jan hankalin manazarta shi ne, da Suratul Mulk ya buɗe. Ubangidansa bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba, kuma an yi ta yaɗa cewa Umaru ya zama Kirista, don an yi masa baftisma. Sai wasu masana, irin su Ala Alryyes da ya fassara rubutun a 2011, suka ce a lura: bawa ne ya zaɓi surar da ke cewa mulki na Allah ne. Ni dai ina ganin duk almajirin da ya haddace Tabara zai gane manufar malam.

Umaru ya rasu yana bawa, gab da soke bauta a 1865. Takardun sun ɓace, sai a 1995 aka tsince su cikin wani akwati a Virginia. Babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya saye su a 2017, ya sa hotunansu a intanet a 2019.