Girman Kai da Riƙon Mutunci

A Fagam, kamar sauran garuruwan Gwaram, akwai mutum biyu da kan ce "ni ba zan yi ba", kuma daga nesa sai ka rantse halinsu ɗaya.

Na farko dattijo ne da damina ta yi wa gardama. Gero bai cika rumbu ba, amma ba za ka gan shi a ƙofar gidan ɗan siyasa yana jiran a fito ba. Da sassafe zai saɓa fartanya ya tafi ƙwadago, ko da a gonar wanda ya haifa ne, ya dawo da kwanon dawa. Rigarsa ta sha ɗinki, amma a wanke take fes. In ka miƙa masa abu a bainar jama'a, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mun wadata." Mai hankali yakan bari sai bayan isha'i, ya aiki yaro ya kai cikin gida. Abin da wannan bawan Allah yake gudu shi ne roƙo, domin kada gobe a yi wa 'ya'yansa gori.

Na biyu matashi ne da ya dawo da takardar digiri daga Dutse ko Kano. Shi kuwa aikin yake gudu. Noman riɗi ƙasƙanci ne a wurinsa, sayar da hatsi a kasuwar Sara kuma bai dace da shi ba. Amma da yamma a teburin mai shayi, ba ya jin nauyin cewa, "Yaya, a ɗan taimaka da na kati." Nan hali biyun suka rabu. Dattijon ya zaɓi gajiyar jiki don fuskarsa ta tsira, matashin ya tsare tafin hannunsa ya zubar da fuskar. Ba banza ba Hausawa suka kira girman kai rawanin tsiya.

Ban ce ƙorafin matashin ba shi da tushe ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 ake faɗa wa yara cewa boko zai kai su ofis, ga shi ofisoshin ba su kai yawansu ba. Wannan ciwo ne na gaske. Sai dai raina sana'ar da ta biya kuɗin makarantar ba magani ba ne. Malamai kullum suna tuna mana cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane, ya kuma fifita mai saro itace ya sayar a kan mai bara.

Yankinmu yana da abin alfahari. Birnin Kudu ta ba Jigawa gwamna biyu, Ali Sa'ad da Sule Lamido, kuma a kwalejin gwamnati ta garin Aliko Ɗangote ya yi karatu kafin ya yi suna a fatauci, sana'ar da wasu 'yan bokonmu ke yi wa kallon raini.

Ƙanena mai digiri, adana takardarka, ranarta na zuwa in Allah ya so. Kafin nan, ga gonar Baba can tana jiran noman fari.