Kalori Nawa Tafiyar Ƙasa Take Ƙonewa?

Idan likita ya ce wa mutum ya rage ƙiba, shawarar da ke biyo baya kusan kullum ita ce ya riƙa taka sawu. Tafiyar ƙasa ba ta buƙatar kuɗi, ba ta buƙatar kayan motsa jiki, kuma gwiwar mai teɓa tana jure ta fiye da gudu. Daga nan sai tambaya ta taso: idan na yi awa guda ina tafiya, me na rage? Wayar hannu za ta ba da lamba, agogon hannu ya ba da wata, allon na'urar tafiya a ɗakin motsa jiki ya ba da ta uku. Duk ukun ƙiyasi ne. Mutum kuwa zai iya yin nasa ƙiyasin da biro da takarda, wanda sau da yawa bai gaza na na'urar ba.

Sai mu fara da ita kalori ɗin. Awon zafi ce. Kalori ɗaya, irin wadda ake rubutawa a jikin kwalin abinci, ita ce zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas. Masana kimiyya kilokalori suke ce mata, amma a bakin jama'a an gajarta. Tunanin cewa jikin mai rai wuta ce mai ci a hankali ya samo asali ne daga Faransa, inda Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka sa wata 'yar dabba cikin akwatin da ƙanƙara ta kewaye, a farkon shekarun 1780, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar. Bayan fiye da shekara ɗari, Wilbur Atwater a Amurka ya gina ɗaki rufaffe wanda mutum zai zauna ciki kwanaki ana auna abin da ya ci da zafin da ya fitar. Daga aikinsa aka samu lambobin da har yau ake amfani da su: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, giram ɗaya na furotin kalori 4, giram ɗaya na mai kalori 9.

Ba za a iya kulle kowa a ɗakin Atwater ba, don haka aka bi ta hanyar numfashi. Jiki ba ya ƙona abinci sai da iskar oksijin, kuma duk lita ɗaya ta oksijin da ya sha tana daidai da kalori 5 ko kusa da haka. A sa wa mutum takunkumi mai bututu, a ce ya yi tafiya, a auna iskar da ya zuƙa da wadda ya fitar, an san abin da ya ƙone. An yi wa mutane da yawa wannan awon a ayyuka iri-iri, daga shara zuwa hawan keke, kuma a 1993 Barbara Ainsworth da abokan aikinta suka tattara sakamakon a kundi guda, wanda aka riƙa sabuntawa bayan nan. Yawancin manhajojin lissafin kalori daga irin wannan kundi suke ɗiban lambobinsu.

Ma'aunin da kundin ke amfani da shi ana kiransa MET. MET ɗaya shi ne abin da jiki ke kashewa mutum yana zaune bai yin komai, wato kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a awa guda. Sauran ayyuka kuma ana faɗin ninki nawa ne na wannan. Tafiyar yanga, kilomita 3 da ɗoriya a awa, ba ta cika MET 3 ba. Tafiyar da aka saba, kusan kilomita 5 a awa, tana wajen MET 3.5. Idan mutum ya ɗaga ƙafa kamar wanda ya ji an tayar da iƙama yana nesa da masallaci, kilomita 6 da rabi a awa, ya kai MET 5.

Lissafin ninki ne kawai: MET sau nauyin jiki sau awoyin da aka yi. Mai kilo 70 da ya yi awa guda yana tafiyar da aka saba, 3.5 sau 70, ya ƙone kalori 245. Mai kilo 90 a wannan tafiya, kafaɗa da kafaɗa, ya ƙone 315. Ba don ya fi ƙoƙari ba, kayan da yake ɗauke da su ne suka fi nauyi, kamar yadda tirela ke shan mai fiye da a-kori-kura a hanya ɗaya.

A nan ne mafi yawan mutane ke cutar kansu ba su sani ba. Wannan 245 ɗin ta haɗa har da abin da jiki zai kashe ko da mutum yana kishingiɗe a tabarma yana sauraron rediyo. Zuciya ba ta daina bugawa don an zauna, huhu da hanta da ƙwaƙwalwa duk suna cin nasu rabon. Hasali ma wannan aikin na ɓoye shi ne yake cinye kusan kashi biyu bisa uku na kalorin da mai zaman ofis ke kashewa a yini. Wanda ke neman sanin ribar tafiyarsa dole ya cire uwar kuɗi. A cire MET ɗaya, saura 2.5, a ninka da 70: kalori 175. Ita ce ribar awa guda. Na'urori da yawa jimillar suke nunawa, don ta fi girma, kuma babbar lamba ta fi faranta ran mai saye.

Akwai hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya son ya riƙa duba agogo. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, ribar kowace kilomita tana kusa da rabin nauyin mutum. Mai kilo 70, kalori 35 a kilomita. Mai kilo 100, kalori 50. Wannan ƙa'idar tana nuna wani abu da ke ba mutane mamaki, cewa nisa ya fi sauri muhimmanci. Mai sauri yana ƙona fiye a minti guda, amma kuma yana riga isa. Idan aka auna kilomita da kilomita, bambancin bai taka kara ya karya ba sai an kai saurin da mutum ke haki, ya kusa komawa sassarfa. Gudu kam daban ne: yana cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo a kowace kilomita, ninki biyu ke nan na tafiya, saboda a kowane taku jiki yana tashi sama ya dawo.

To, kalori nawa ne a kilo guda na kitse? Lambar da ta shahara ta fito ne daga wani likitan Amurka, Max Wishnofsky, a 1958, kuma idan aka mayar da ita kilo tana kamawa kimanin 7,700. A raba 7,700 da 175, an samu awa 44. A tafiyar kilomita 5 a awa, kilomita 220 ke nan, abin da ya kusa nisan Kano zuwa Kaduna. Mutum ya taka wannan hanya da ƙafarsa, bai ƙara ko loma ɗaya a kan abin da ya saba ci ba, sannan kilo ɗaya tak ya tafi. Wanda ke yin awa guda kullum zai kai nan cikin wata ɗaya da rabi.

Kuma ko wannan ɗin hangen Dala ne. Lissafin Wishnofsky yana ɗaukar jiki kamar buhun hatsi, kullum a ɗebi mudu, buhu ya ragu da mudu har ya ƙare. Jiki ba buhu ba ne. Idan nauyi ya ragu, tafiyar ma tana rage cin kalori, tunda kayan sun yi sauƙi; abin da ake kashewa a zaune shi ma ya sauka. Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa tsohuwar ƙa'idar tana zuzuta ragin da za a samu idan aka miƙa ta tsawon watanni da shekaru. Sikeli yakan sauka da farko, sannan ya riƙa nawa, daga baya ya tsaya cak a sabon matsayi.

Binciken da ya fi girgiza masu wannan lissafi an yi shi ne a Tanzaniya. Herman Pontzer da abokansa sun auna kalorin da mutanen Hadza ke kashewa a yini, mutanen da har yanzu farauta da tonon saiwa da ɗiban zuma ne abincin wasunsu. Mazansu kan taka fiye da kilomita 10 a rana. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa, idan aka yi la'akari da girman jiki, jimillar abin da suke ƙonewa ba ta wuce ta mazauna biranen Amurka da Turai ba. Fassarar Pontzer ita ce jiki yana tsuke bakin aljihu: idan ƙafa ta kashe da yawa, sai ya rage a wani wurin. Masana suna ta muhawara kan girman wannan tsukewa, amma kowa ya san irinta a rayuwa. Wanda ya yi doguwar tafiya da asuba yakan wuni a kwance, aiken da da zai je da ƙafa sai ya tura yaro.

Sai kuma baki, wanda shi ne babban ɓarawon riba. Kwalbar lemo mai sukari ta rabin lita tana da kalori wajen 200, ta zarce ribar tafiyar awa guda. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan 120 ne. Soyayyiyar gyaɗa giram 100 ta haura 550. Mutum ya dawo daga tattaki yana jin ya yi abin kirki, ya tsaya wurin mai shayi, a zuba masa madara da sukari a haɗa da burodi, ya mayar da abin da ya ƙone har da ƙari cikin minti goma. Awa guda ta ƙafa, minti goma na baki. A ganina duk wanda zai koya wa mutane lissafin tafiya bai gaya musu wannan ba, rabin karatu ya ba su.

Ƙasar da ake takawa ma tana canza lissafi, kuma sosai. Hawan da ke tashi mita 5 a kowace mita 100, wanda ido ma ba ya ganinsa da wani tsayi, yana kusan ninka ribar tafiya. Gangara tana rage ta, amma ba ta mayar da duk abin da hawa ya ci. Rairayi ya fi duka: wani bincike da aka yi a Beljiyam a 1998 ya gano tafiya a kan busasshen yashi tana cin fiye da ninki biyu na tafiya a kan daɓe, domin ƙafa tana nutsewa, ƙarfin da aka tura yana watsewa cikin yashin. Wanda ya taɓa ratsa busasshen gulbi da rani ya san haka a cinyoyinsa. Kaya ma suna ƙarawa gwargwadon nauyinsu, sai dai akwai wani abin sha'awa daga Kenya: a 1986 an auna matan Luo da Kikuyu, aka ga suna ɗaukar kaya da ka har kashi ɗaya bisa biyar na nauyin jikinsu ba tare da numfashinsu ya nuna ƙarin kashe kuzari ba. Binciken da ya biyo baya bai samu haka ga kowace mace ba, amma ya isa ya nuna cewa sabo da iya taku suna da nasu tasiri, abin da babu lambar MET da ke kamawa.

Gumi kuwa ba kitse ba ne. Wanda ya fita da zafin bazara ya dawo sharkaf, ya hau sikeli ya ga kilo guda ya tafi, ruwa lita guda ya zubar, kuma zai dawo da zarar ya sha. Masu lulluɓe jiki da leda ko rigar sanyi don su yi zufa wahala kawai suke saye, har da haɗarin jiri da faɗuwa. Kitse ta hanci yake fita. Wani lissafi da aka buga a 2014 ya nuna cewa daga kilo 10 na kitsen da aka ƙone, kilo 8.4 iska ce da ake fitarwa da numfashi, ragowar 1.6 ce kawai ruwa.

Saura maganar taku 10,000, wadda wayoyi ke tafa wa mutum idan ya cika. Ba daga asibiti ta fito ba. Kamfanin Yamasa na Japan ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, ya sa mata suna Manpo-kei, ma'ana mai ƙirga taku dubu goma. Sunan talla ne ya zama doka. Taku 10,000 kilomita 7 zuwa 8 ne ga yawancin manya, wato ribar kalori 245 zuwa 280 ga mai kilo 70. Ta fuskar lafiya ba sai an kai can ba: binciken I-Min Lee ta Jami'ar Harvard a 2019, kan tsofaffin mata fiye da 16,000, ya ga mace-mace sun ragu ga masu taku wajen 4,400 idan aka gwada da masu 2,700, amfanin ya ci gaba da hawa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma da minti take magana, 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wanda alamarsa ita ce mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa. Hawan jini da sukarin jini suna amsa wannan tafiyar ko sikeli bai gusa ba.

Agogon hannu fa? A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ɗaura wa mutum 60 na'urori iri bakwai, suka gwada su da awon numfashi na gaskiya. Wajen ƙirga bugun zuciya yawancinsu sun yi kyau, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kalori kuwa, wadda ta fi kowace daidai ta kauce da kashi 27 cikin 100, mafi muni da kashi 93. Dalili a fili yake: agogo yana jin lilon hannu da bugun jini a wuyan hannu, ba ya ganin iskar da ke shiga huhu, sauran duk cike gurbi yake yi da shekaru da nauyin da aka rubuta masa. Amfaninsa shi ne gwada jiya da yau a hannun mutum ɗaya. Idan ya nuna 300 ranar Litinin, 400 ranar Talata, to Talata an fi motsi, ko da ainihin lambobin 200 ne da 270.