Yadda Aka Raba Gidan Sikada

Duk wanda ya taɓa zama gindin itace da rana tsaka cikin bazara ya san wani ƙwaro mai ƙara kamar zai huda kunne. Masana suna ce da shi sikada. Da yawanmu mu kan haɗa shi da gyare, amma kuwa ba danginsa ba ne. Gyare fikafikansa ya ke gogawa ya yi kuka, shi kuwa namijin sikada waɗansu 'yan fatu gare shi a gefen ciki, su ya ke kaɗawa. Bakinsa ma tsinke ne na tsotson ruwan itace, saboda haka ya fi kusa da kuɗin cizo.

Tun 1758 Linnaeus, mutumin Suwidin, ya kafa al'adar ba kowace dabba suna biyu, watau sunan gida da sunan iri. A 1825 wani Bafaranshe, Latreille, ya fito da sunan gida Tibicen, ma'anarsa da Latin mai busa sarewa. Daga nan duk babban sikada mai kama da na Turai, ko a Amurka aka kama shi ko a Asiya, sai a tura shi wannan gida, har ya cika maƙil.

To, amma kama da wane ba ta wane. Ƙa'idar masana ita ce, kada gida ya ƙunshi kowa sai zuriyar kaka ɗaya. A 2015 masana huɗu, Hill da Marshall da Moulds da Simon, suka gwada ƙwayoyin gado na ƙwarin nan, irin da irin. Ashe na Amurka sun daɗe da rabuwa da na Turai, su kansu ma reshe biyu ne. Sa'an nan suka duba jikunansu, suka sami alamun da suka yi daidai da haka. Sai suka yanka sababbin gidaje: na gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa aka sa musu Neotibicen, na yamma da Meksiko kuwa Hadoa. A 2016 aka sake ware manyan cikin Neotibicen, aka kira su Megatibicen.

Lalle abin da wahala ga ɗalibi, gama wanda ya haddace Tibicen canicularis tilas ya koma Neotibicen canicularis, masu ajiyar ƙwari kuma su sake rubutun akwatunansu. Ni dai ina ganin wahalar ta biya, domin da an bar tsohon sunan, mai nazari zai ɗauki halin sikadan Faransa ya ɗora wa na Amurka, yana tsammani 'yan ɗaki ɗaya ne.