'Yan kasuwar Arewa: in saƙon imel ya ƙi tafiya, ga abin dubawa

Daga Dogondutsi har Tibiri, 'yan kasuwa maza da mata na aika hoton rasit da lissafin kaya ta wayar salula zuwa Yamai, Kwatano ko Lome. In saƙo ya maƙale, sai mota ta tashi ba kayanku, ciniki ya wuce.

Da farko ku duba rezo da forfe, don kuɗin kira daban, na intanet daban. Kusa da iyaka, waya kan kama layin Najeriya, intanet ya tsaya. Sai ku zaɓi Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom da hannu.

Na biyu, nauyi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a saƙo guda, saboda haka ku raba hotuna kashi-kashi. Rumbunsa na kyauta giga 15 ne. In ya cika, ba aikawa, ba karɓa, sai an share tsofaffin kaya.

Na uku, adireshi. Harafi ɗaya ya kuskure, saƙo ya dawo ko ya faɗa hannun wani. Mai jiran saƙo kuma ya leƙa akwatin Spam.

In kun kunna tanadin batiri saboda ɗaukewar wuta, saƙonni kan yi jinkirin shigowa.

Hattara: kada ku ba kowa lambar sirrinku, ko da mai gyaran waya ne. Kuma kafin ku tura ko jika ɗaya, ku kira mai kaya ku ji muryarsa.