Likita ɗaya, aiki biyu: halin da asibitocin ƙasar Daura ke ciki

Idan ciwo ya fi ƙarfin ma'aikatan lafiya a Babban Mutum, garin da ke ƙaramar hukumar Ɓaure dab da iyakar Nijar, sai a ɗauki majinyaci zuwa Ɓaure ko Daura neman likita. A asibitocin karkara irin waɗannan, sau da yawa likitan da zai duba shi, shi ne kuma shugaban asibiti. Shi ke sa hannu a takardun kuɗi, shi ke fafutukar man janareto, shi ake kira taro a Katsina. Ranar taro kuwa, masu jira a layi sai haƙuri.

Al'adar ɗora likita a kujerar shugabanci ta samu gindin zama ne tun dokar soja ta 1985, wadda ta keɓe wa likitoci shugabancin asibitocin koyarwa. Jihohi suka bi sahu. Ƙungiyar JOHESU ta sauran ma'aikatan lafiya ta daɗe tana jayayya da hakan. Likitoci na da hujja: wanda ya san cuta shi ya fi sanin abin da ɗakin tiyata ke buƙata. Amma hujjar ta fi ƙarfi inda likitoci ke da yawa.

Yanzu kuwa sun yi ƙaranci. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekaru, zuwa Ingila, Amurka da sauransu. Waɗanda suka rage sun fi son birni da albashin tarayya, ga asibitin tarayya a Daura, ga na koyarwa a Katsina. Ba laifinsu ba ne. Mai iyali yana duba makaranta, wuta da tsaro.

Nauyin sai ya koma kan nas-nas, ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda manufar tarayya ta 2014 ta ba su izinin wasu ayyukan likita. Sun ceci rayuka, amma mace mai naƙudar da ta gagara tiyata take buƙata.

A ganina, ginin asibitoci da fenti a mazaɓu 361 na jihar Katsina ba za su wadatar ba. Ya kamata gwamnatin Dikko Radda ta miƙa harkar kuɗi da kayan aiki ga horarrun sakatarorin asibiti, ta bar wa likita jagorancin jinya, ta kuma ba mai aiki a bakin iyaka gida da alawus na musamman.