Tarkacen imel: gyara tun daga mashigar ruwa

A Wurno da Rabah da Goronyo, da yawan matasa ba sha'awa ce ta sa suka buɗe imel ba. Rajistar JAMB ko neman aikin gwamnati ce ta kai su shagon kwamfuta, mai shago ya buɗe musu, wani lokaci shi ya zaɓa musu kalmar sirri. Kafin shekara ta zagayo, akwatin ya cika da tallar caca, da alkawarin tallafi, da saƙon wai an rufe asusun banki. Abin da aka saba yi shi ne gogewa, amma duk manomin shinkafar da ke ban ruwa daga madatsar Goronyo ya san kwalfe ruwa daga fage wahala ce in ba a toshe mashiga ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1978, lokacin da wani ɗan talla na kamfanin DEC a Amurka ya aika wa mutum kusan 400 saƙo guda, dabarar ba ta sauya ba: aikawa ba ta cin kuɗi, don haka ko mutum ɗaya ya faɗa tarko an ci riba. Adireshin kuwa mu ke miƙa shi, a duk fom ɗin "tallafi" da aka watsa a WhatsApp. Saboda haka matakin farko shi ne adireshi biyu: ɗaya na banki da makaranta da hukuma, ɗaya na sauran hidimomi. Sai a canza kalmar sirrin da mai shago ya sani. Na biyu, maimakon gogewa, a riƙa tura saƙon ɓangaren tarkace, domin da haka matatar Gmail ke gane irinsa ta tare na gaba. Kamfanin da aka sani ne ake latsa wa mahaɗin daina karɓar talla, wanda Google ya wajabta wa manyan masu aikawa tun 2024. Na ɗan damfara kuwa ba a taɓa shi, don latsawa shaida ce cewa akwatin yana da mai shi.

Wani zai ce matatar takan haɗiye saƙon gaskiya. Haka ne, amma Gmail na ajiye abin da ta tare kwana 30 kafin ta shafe, leƙawa sau ɗaya a mako ta wadatar. Wani kuma zai ce bai cika buɗe imel ba, to ina ruwansa? Ai shi ya fi shiga haɗari, domin ranar da ya buɗe yana ɗokin sakamako, takardar gayyata ta gaske tana binne cikin ɗaruruwan na bogi masu kama da ita. Wanda akwatinsa ke tsaf, baƙon saƙo daga nesa yake hango shi.