Kumburin Ido: Abin da ke Kawo Shi da Yadda Ake Rage Shi

A wannan makon za mu yi magana ne a kan kumburin ido, watau yadda mace za ta tashi da safe ta dubi madubi ta ga fatar idonta ta yi suntum, kamar wadda ta kwana tana kuka.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan shi ne wata yarinya 'yar ajina mai shekara tara. Ta yi kwana da kwanaki tana zuwa makaranta idanunta a kumbure, in rana ta ɗaga sai kumburin ya sace. Ni kuwa na ɗauka nauyin barci ne, har na yi mata faɗa a gaban 'yan'uwanta. Ran nan sai na lura takalminta ya matse ta, ashe ƙafafun ma sun hau. Na aika wa uwarta, aka kai ta asibiti, aka auna fitsarinta, sai ga shi ciwon ƙoda ne. Alhamdu lillahi an yi mata magani ta dawo aji, amma har yau ina jin kunyar faɗan nan da na yi mata.

To, me ke sa ido ya kumbura? Fatar ido ba ta da kauri ko kaɗan, naman da ke ƙarƙashinta kuma sako-sako ne, saboda haka ruwan jiki ba ya shan wuyar taruwa a wurin. In mutum ya kwanta, ruwan yakan zauna a fuska. In ya tashi ya kama zirga-zirga yana ƙifta ido, sai ruwan ya gangara ya bi jiki. Shi ya sa kumburin da ba na ciwo ba yakan tafi kafin hantsi.

Babban mai laifi a gidajenmu shi ne gishiri, domin yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau wajen cokalin shayi ɗaya. Mu kuwa sai mu zuba gishiri a miya, mu marmasa dunƙule uku ko huɗu, mu jefa kanwa, sa'an nan a kawo yaji a barbaɗa. Dukan waɗannan gishiri ne ya sake riga. Wadda ta ci irin wannan miya da dare, kada ta yi mamakin abin da madubi zai nuna mata.

Sai kuma rashin barci. Babba tana bukatar awa 7 zuwa 8, budurwa kuwa 8 zuwa 10. 'Yan mata masu raba dare wajen hira, ko kallon waya, ko karatun jarrabawa, ku ji da kyau. Har ila yau akwai kuka, da hayaƙin ɗanyen itace a madafa, da ƙurar hunturu wadda ke sa ƙaiƙayi, mutum ya yi ta murza ido har ya tasa. Kwana da kwalli ko gazal ma yana kawo shi. Waɗansu matan kuma sukan ga fuskarsu ta ɗan hau in al'adarsu ta kusa, wannan ba abin tsoro ba ne. Akwai kuma na shekaru da na gado, inda kitsen ƙasan ido ke turowa waje. Shi wannan ba man shafawar da zai kawar da shi, kada 'yan talla su cinye miki kuɗin cefane.

Maganin ƙaramin kumburi yana cikin ɗakinki. Ki wanke hannu da sabulu, ki tsoma tsabtataccen ƙyalle a ruwan randa mai sanyi, ki matse, ki rufe ido ki ɗora kamar minti 10. Yankan kokwamba mai sanyi ma yana yi, amma ki sani sanyin ne ke aikin. Ki ƙara matashin kai in za ki kwanta. Ki rage gishirin tuwon dare, ki wanke kwalliyarki kafin barci, ki dafa da busasshen itace a inda iska ke shiga. In kuwa hazbiya ce ta fito, ruwan ɗumi take so, sau uku ko huɗu a yini, kada a matse ta.

Game da kwalli, kowace ta riƙe tandunta da tsinkenta, domin aron tsinke yana yaɗa ciwo. Kuma kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, don haka a daina ranbaɗa wa jarirai.

Ina roƙonku, kada a ɗiga wa ido fitsari, ko ruwan sukari, ko ruwan albasa, ko ruwan batir, ko da wa ya faɗa. An fi yin haka lokacin ciwon nan Afolo, wanda ya ɓulla a ƙasar Gana a 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a kan wata cikin kumbon Apollo, daga nan ya samo sunansa. Shi Afolo yawanci yakan warke cikin mako ɗaya ko biyu in an kula da tsabta, kowa da tawul ɗinsa. Ɗige-ɗigen nan kuwa suna iya tsiyayar da ido har abada. Ido ba ya da madadi.

Yanzu ga inda nake so ku fi buɗe kunne. Akwai kumburin da ƙyalle mai sanyi ba ya yi masa komai, sai asibiti:

Yaron da ke tashi kullum da kumburarriyar fuska, fitsarinsa ya ragu, ko yana kumfa, ko ya yi ja kamar ruwan shayi. Wannan yana iya zama ƙoda, kamar 'yar ajina.

Yaron da aka yaye, ƙafafunsa da fuskarsa suka hau, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Ba ƙiba ba ce, rashin abinci mai gina jiki ne.

Mai ciki, daga wata biyar zuwa sama, wadda fuskarta da hannuwanta suka kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi. Alamar hawan jini ce, mai kai wa ga jijjiga. A tafi a ranar, kada a jira ranar awo.

Mai jego wadda ta kumbura tana haki in ta kwanta. A dakatar da kunun kanwa, a kai ta a duba zuciyarta.

Ido ɗaya da ya kumbura ya yi ja, ga zafi, ga zazzaɓi, ko gani ya ragu, ko jaririn da idonsa ke zubar da mugunya. Wannan ba ya kwana a gida.

'Yan'uwa, ki dubi naki idon a madubi, amma ki dubi na 'ya'yanki ma kowace safiya kafin su fita. In kin ga kumburi ya wuce kwana biyu ko uku yana dawowa, ki sanar da maigida, ku nufi asibiti. Rigakafi ya fi magani. Ku kuma malamai 'yan'uwana, mu riƙa tambaya kafin mu yi faɗa.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.